Ta yaya zan gane bayanin da na rubuta wa AI a kan shotkot (gajerun hanyoyin kibod) na editin bidiyo ya yi daidai?

Editan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina editin bidiyon biki da walima da Premiere Pro, mafi yawan lokacina yana tafiya ne wajen yanke wuraren da mai kyamara ya haska ƙasa ko rufin daki. Sai na haɗa ɗan shiri da Python da PyAutoGUI wanda yake danna maɓallan kibod, na ba ejen ɗin AI (wato AI mai aiwatar da aiki da kansa) kayan aiki guda biyar, kowanne da sunansa da bayaninsa. Na yankan na rubuta masa "yana danna Ctrl+K don yanka" kawai. To wani lokaci ya yi daidai wani lokaci ya yanka hoto ya bar sauti, jiya ma ya danna Delete ya ce min ya gama ashe ba abin da na ce ya cire ba ne ya tafi, Allah ya sa kwafi nake gwaji da shi. Laifin bayanin ne ko na AI ɗin? Kuma ta yaya ake auna bayanin kafin a sake masa aikin mutane?

Baba Sani Mai Tacewa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ban iya Python ba amma na daɗe a kan editin, kuma matsalarka na ganta tun daga jimlar da ka rubuta. Ctrl+K ba komai yake yankawa ba, layukan hoto ko na sauti da ka kunna musu target (wato ka zaɓe su don a yi aiki a kansu) yake bi, idan kana so ya tsaga duka layuka har da sauti Ctrl+Shift+K ne. Kai ka san haka da hannunka shi ya sa ba ka rubuta ba, shi kuwa ba wanda ya gaya masa. Delete ma haka, abin da zai yi ya danganta da tagar da take a kunne, idan kana cikin tagar Project zai iya cire maka fayil daga aikin, idan kana taimlain (inda ake jera gutsattsarin bidiyo) ya cire gutsuren ya bar rami, mai rufe ramin Shift+Delete ne. Ka sa kayan aikin ya fara danna Shift+3 kullum don ya koma taimlain tukuna. Gwajin da zan ba ka: ka miƙa wa yaron shagonka wanda bai taɓa buɗe Premiere ba wannan bayanin, ka ce ya yi aiki da shi ba tare da ya tambaye ka ba. Duk inda ya tsaya yana kallonka to nan ne gibin.

Hafsat_Kod:
Maganar Baba gaskiya ce, zan ƙara da ɓangarenmu. Ejen ba ya ganin shirinka, suna da bayani kawai yake karantawa ya zaɓa, don haka kar ka sa masa suna irin "danna_maballi", ka kira shi da aikin da yake yi, misali yanka duka layuka a inda allura (alamar da ke nuna inda kake a taimlain) take. A cikin bayanin ka faɗi abin da dole ya kasance kafin a kira shi, da abin da zai canza, da lokacin da bai kamata a kira shi ba, wannan na ƙarshen mutane ke mantawa, musamman idan kana da biyu masu kama kamar Q da W, ɗaya yana datse abin da ke bayan allura zuwa yankan baya ɗaya kuma na gaba.

Amma babban abin da ya dame ni a labarinka shi ne "ya ce min ya gama". PyAutoGUI danna maɓalli kawai yake yi bai san me ya faru a allo ba, idan kayan aikin yana mayar da "an yi" kullum to ejen zai yarda. Ka sa ya dawo da hoton allo ko adadin gutsattsarin da ke taimlain bayan kowane aiki. Wajen aunawa kuma ka rubuta umarni kamar ashirin irin yadda kake magana da gaske, ka san amsar kowanne tun farko, ka gudanar da su a kan kwafin aiki ɗaya, kowanne sau uku ko fiye don amsarsa tana canzawa. Ka rubuta wane kayan aiki ya zaɓa da lambobin da ya saka. Sai ka gyara jimla ɗaya tak ka sake, idan ka canza abu biyar lokaci guda ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Abba Zinder:
Ku rubuta sunan manhajar a ciki ma don Allah. Ni DaVinci Resolve nake amfani da shi, a nan Ctrl+B ne yanka, CapCut na kwamfuta ma haka, a Mac kuma Cmd ne madadin Ctrl. Kuma kibod ɗina na Faransanci ne AZERTY, inda Q ɗinku yake ni A ne a wurin.

Editan_Fagge:
Na gode sosai, Allah ya ƙara sani. Na duba yanzu, layin sauti ba a kunna masa target ba wallahi. Malama Hafsat, wurin lokaci fa, in ce ya ba da sakan ne ko lambar firem? Don wasu ayyukan nawa firem 25 ne a sakan wasu 30.