Taron 1 ga Oktoba a tsakar gida: me zan tanada?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Za mu tara mutum 60 a tsakar gida a Gwale ranar bikin 'yancin kai. Me ya kamata na tanada?

Mai Rumfa:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Farkon Oktoba damina ba ta gama tafiya ba, ga zafi. Ki kama rumfa biyu, ta maza da ta mata. A ɗaure ƙafafunsu da buhunan yashi, don iskar hadari ɗaga rumfa take yi. A fara bayan La'asar, a tashi kafin Magariba.

Inna Mai Tuwo:
Shinkafa kwano 5 ta isa dafa-duka, 'yata. Kada ki rufe ta da zafinta a kula tun safe, gumi zai sa ta yi yami kafin baƙi su zauna. A sauke da Azahar. Kunun aya kuwa ki haƙura da shi, awa kaɗan cikin zafi ya lalace. Zoɓo ya fi juriya, a zuba ƙanƙara a baho, a jera robobin a ciki.

Na Mandawari:
Janareta a ajiye shi waje saboda hayaƙi. A sanar da mai unguwa kafin a tare layi. Tutoci kore-fari-kore na yara, a saya da wuri, ranar sukan yi tsada.