Dan Allah a taimaka, gem ɗin da na saya ya ƙi buɗewa

Salam 'yan uwa, masu sayen gem a Steam (shagon gem na kwamfuta a intanet) dan Allah ku taimaka min. Satin da ya wuce na sayi wani gem na tseren mota, hotunan da mai shi ya saka kamar gaske, amma da na sauke sai ya maƙale a lodin, na bar kwamfuta a kunne ina jira har bacci ya kwashe ni, da safe na ga an ƙirga min awa 6 na wasa alhali wallahi ko motar ban gani ba. Dokar Steam ta mayar da kuɗi kuma sai cikin kwana 14 kuma wasan bai kai awa 2 ba. Akwai wanda ya taɓa rubuta musu bayani aka dawo masa da kuɗinsa? Me zan rubuta? Tarawa na yi fa, ga data ta tafi.