Wace kalmar Hausa za ta zauna a gurbin "band"?

Ɗan Ci-rani:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar Hausa da za mu riƙa kiran abin da Turawa ke ce wa band, wato mutum huɗu ko biyar ko goma da suka haɗa kai suna kiɗa da waƙa, suka raɗa wa kansu suna guda. A Hamburg nake zaune. Duk wanda ya yi zaman waje ya san da an saba da kai a wurin aiki, an ga kullum abin sauraro na maƙale a kunnenka a jirgin ƙasa da lokacin hutu, sai an tambaye ka me kake ji haka, su wa ke kiɗa a inda ka fito. Amsa musu da Jamusanci ba wuya. Inda nake cijewa shi ne in ina ba yarana labarin masu kiɗan da muka tashi muna bi a baya, ina so in yi da Hausa tsantsa, sai in ji kalmar nan ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ga abin da nake so kalmar ta ɗauka. A garin nan The Beatles suka yi zaman koyon sana'a tsakanin 1960 da 1962, samari daga Liverpool da ba wanda ya san su, suna kwana kiɗa a gidajen rawa. A 1962 suka sauya mai ganga, sunan bai motsa ba, har suka rabu a 1970. Sunan na taron ne, ba na mutum ɗaya ba. To me za mu ce?

Malamin Fassara:
Wa alaikumus salam. Ai an daɗe da gama wannan. Gidajen rediyo "ƙungiyar makaɗa" suke cewa, ko "ƙungiyar mawaƙa", kuma kowa na ganewa. Abin da mai sauraro ya riga ya saba da shi ba a tayar masa da hankali.

Ɗan Ci-rani:
Allah ya gafarta Malam, ana ganewa, amma ni da na ji "ƙungiyar makaɗa" abin da ke zuwa mini shi ne shugaba da sakatare da ma'aji, ana taro ƙarshen wata ana karɓar kuɗin ƙa'ida. Wannan ita ce mai kare haƙƙin masu sana'a, kuma akwai ta, tana buƙatar sunanta. In muka ba su suna ɗaya, ranar da za a ce "ƙungiyar makaɗa ta watse" ba mai sanin wacce ake nufi.

Malamin Fassara:
Amma muna cewa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ba wanda ya taɓa zaton sakatare ne zai buga.

Tsohon Makaɗi:
Ku tsaya yara, ku fara sanin dalilin da ya sa babu kalmar tukuna. Ba mantuwa aka yi ba, buƙatarta ce ba ta taso ba. A tsarin kiɗanmu mutum ɗaya ne ke da suna. Shi ke ɗauko waƙa, shi ake gayyata, shi ake yi wa kyauta ya raba. Bayansa akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, akwai sanƙira mai kirari da zuga, kowa da matsayinsa, amma ba wanda ya san su da wani suna na tarayya. Mamman Shata ya yi shekaru da dama da masu kalangu da 'yan amshi har rasuwarsa a 1999, me ake cewa? Shata da yaransa. Musa Ɗanƙwairo da kotso haka, da ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ci gaba, amma da sunan gidan ake kiransu. Barmani Choge da matan da ke buga mata ƙwarya haka. Ɗan Maraya Jos ma bai nemi kowa ba, shi da kuntiginsa sun isa.

Kalma ɗaya na sani da ke nufin taron masu kiɗa ba tare da an jingina ta ga sunan kowa ba, ita ce badujala. Amma ita ta soja ce da 'yan sanda, ta fareti, ganguna da begila. Ba za ka kira masu jita a gidan biki 'yan badujala ba, sai a yi maka dariya.

Baƙuwar Faransa:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan bayanin ya warware mini abin da na daɗe ina ji ban iya faɗa ba. Mu ta wajen Nijar kalmar Faransanci muka ara, orkestira muke cewa, kuma ta zauna daram a bakin tsoho da yaro. Kusan kowane babban gari yana da tasa, ana kiranta da sunanta sannan a liƙa sunan garin. Tun 1987 ake gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu, nan suke haɗuwa su kara. Kuma tsarin da Yaya ke nufi shi ne a can: Tal National da aka kafa a Yamai a 2000 mutanenta suna da yawa har sukan rabu biyu su yi wasa a wurare biyu dare ɗaya, kuma duk inda ka je Tal National ka gani.

Ni nan da sanyi ya shigo, rana ta faɗi tun ƙarfe biyar, abin da ke riƙe ni shi ne tsofaffin kasusuwan da wasu bayin Allah suka juye suka ɗora a YouTube. Sautin duk ya dushe, wani wurin zaren ya tauna, ana jin hayaniyar 'yan kallo da mai shela yana kiran wanda ya tare hanya da mota. Wallahi wannan hayaniyar nake nema fiye da waƙar. A ɗakin haya ba ka isa ka ƙure murya ba, maƙwabci zai ƙwanƙwasa bango, sai dai ka toshe kunne ka yi rawarka a zaune. 'Yata takan tambaye ni wace ce mai waƙar, in ce ban san sunanta ba, sunan orkestirar kawai na sani, don a lokacin ba mu damu da sanin wa ke riƙe da makirfo ba. Sun zo gari, shi ke nan labari.

Malamin Fassara:
Hajiya, orkestira ba za ta ƙetare iyaka ba. Wanda ya yi boko da Turanci in ya ji ta, mutum sittin yake gani sanye da baƙaƙen kwat da goge a kafaɗa, wani na kaɗa musu sanda. Muna son wadda za a gane ta ko'ina ake jin Hausa.

Ɗalibi a Masar:
Ni ban ga abin wahala ba. Mun ari jita, mun ari fiyano, mun ari kaset da rediyo, ba wanda ya mutu. A ce "ban" kawai a wuce wurin.

Baƙuwar Faransa:
Ƙanena, gwada faɗin "ban ji ban ɗin ba" da sauri ka ji. Ga ban kwana, ga ban ruwa, ga ban tsoro, ga ban da. Gurbin ya cika maƙil. In ka ce "ban kiɗa" za a tsaya jiran ƙarashen maganar.

Ɗalibi a Masar:
To gungu fa? Ko rukuni, ko tawaga?

Ɗan Ci-rani:
Gungu ya riga ya ɓata sunansa, kullum tare da 'yan fashi ake jin sa a labarai. Rukuni kuwa kashi ne da wani ya kasa, kamar rukunin farko na alhazai ko rukunin da aka saka ƙasa a gasar ƙwallo, ba mutanen da suka zaɓi juna ba. Tawaga aike ce, wani babba ya tura ta, in ta isar da saƙo ta koma kowa ya kama gabansa.

Tsohon Makaɗi:
Tun ɗazu wata kalma ke yi mini yawo. Ayari. Ku duba yadda yake: mutane ne kowa da kayansa da abin da ya iya, suka haɗu don ba mai iya tafiyar shi kaɗai. Akwai madugu, ana jin maganarsa, amma kayan da ke kan raƙuma ba nasa ba ne, kuma sauran ba yaransa ba ne. Wani ya sauka a zango, wani ya shigo, ayari na nan. In madugu ya rasu a naɗa wani a ci gaba. Wannan shi ne bambancin da ɗana ke nema tun farko. A ce ayarin kiɗa.

Malamin Fassara:
Baba, ranka ya daɗe, kalmar ta yi daɗin baki, amma ayari tafiya yake yi. Da yawa cikin waɗannan masu kiɗan a zaune suka yi suna. Rail Band ta Bamako an kafa ta a 1970 don ta riƙa wasa a otal ɗin tashar jirgin ƙasa, can Salif Keita da Mory Kanté suka fito. Orchestra Baobab ta Dakar, ita ma 1970, sunan gidan rawar da take kwana a ciki ta ɗauka. OK Jazz ta Kinshasa tun 1956 haka, sunan wurin da suke wasa ne. Yaya za a kira mazaunin wuri ɗaya ayari?

Baƙuwar Faransa:
Malam, misalan naka ai Baba suke goya wa baya. Salif Keita ya bar Rail Band, Mory Kanté ya bar ta, ba ta mutu ba. Baobab ta watse a 1987, ta sake haɗuwa a 2001 da sunanta, kuma tun daga nan yawon duniya take yi. Bembeya Jazz da aka kafa a Beyla ta ƙasar Gini a 1961 ta rasa babban mawaƙinta Aboubacar Demba Camara a hatsarin mota a Dakar a 1973, aka yi makoki aka ci gaba. Abin da ya haɗa su duka shi ne sunan ya fi kowane ɗayansu tsawon rai. Zaman otal kuwa zango ne, ayari ma yakan yada zango ya daɗe. Kuma kalmar ta daɗe da sauka daga kan raƙumi, yau muna cewa ayarin motoci, ayarin 'yan jarida, ayarin likitoci, ba mai tambayar ina amalen.

Wani abu kuma da ya shafe mu mazauna waje: wasu ayarorin a baƙunci aka haife su. Osibisa a Landan aka kafa ta a 1969, 'yan Ghana da 'yan tsibiran Karebiyan da suka haɗu a can. Tinariwen ma mutanen arewacin Mali ne da suka fara haɗuwa a gudun hijira a Aljeriya da Libiya. Waɗannan in ba a kira su ayari ba me za a kira su?

Ɗan Ci-rani:
Bari in gwada ta a jimla, don a nan ake gane kalma. "Ayarinmu na da wasa ranar Asabar." "Ya bar ayarin ya koma waƙa shi kaɗai." "Shi ne mai jitar ayarin." "Ayarin ya watse bayan faifai na uku." "Wane ayari kake ji kwanan nan?" Duk sun zauna ba tare da na tura su ba. Har ta ba mu kyauta biyu: ɗan ayari ga kowane mutum a ciki, madugu ga jagora. Franco shi ne madugun OK Jazz har rasuwarsa a 1989, ka ji yadda ta faɗa.

Malamin Fassara:
Madugu ta yi, ban da ja a kanta. Sai dai a kula, madugu ba lalle shi ne mai waƙa ba. Sau da yawa mai jita ne ko mai busa, mawaƙin kuwa ɗauko shi aka yi. Kada a haɗa su. Sannan inda mutum ɗaya ne mai sunan, sauran suna yi masa kiɗa, a bar shi yadda Baba ya faɗa, wane da yaransa, ko wane da makaɗansa. In ana son girmama su a ce wane da ayarinsa, kamar yadda Fela Kuti yake da Egypt 80, wadda ɗansa Seun ya gada bayan rasuwarsa a 1997.

A rubutu kuma, farkon ambato a cika ta, ayarin kiɗa, don kada mai karatu ya zaci fatake ne. Daga nan ayari kaɗai ya isa. Jam'inta ayarori. Ƙungiya mu bar wa masu sakatare, badujala mu bar wa masu kaki. Zan fara sa ta a abin da nake fassarawa in ga ko za a dawo mini da ita.

Ɗalibi a Masar:
Na bi, amma da sharaɗi. In mutum biyu ne kacal, ɗaya da jita ɗaya da fiyano, ni bakina ba zai iya ce musu ayari ba.

Tsohon Makaɗi:
Biyu ka ce musu abokan kiɗa, ɗana. Daga uku ake fara ƙirga ayari.