Kafaɗar 'yata na ciwo, gasa kuma ranar Asabar

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka. 'Yata mai shekara 14 ita ce mai jifa a ƙungiyarsu ta sofbol, wasan ƙwallo da sanda mai kama da besbol. Sati biyu ke nan tana kuka da gaban kafaɗarta. Koci ya ce jifan ƙasa-ƙasa ba ya lahani kamar na besbol, ta sa ƙanƙara kawai. Asabar wasa huɗu za su yi, kuma ita ce gwanarsu. In bar ta ko in hana?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ki saya mata takalmi mai kyau, Hajiya. Ɗana ma idon sawu ya dame shi.

Anti Rabi: Kafaɗa ta ce, Malam. Maman Ilham, irin maganar nan kocin 'yata ya yi mana. Hannun nan da suke wulwulawa ya zagayo gaba ɗaya, a daidai sakin ƙwallo ƙarfin da ke fisgar kafaɗa ya kusa nauyin jikin yarinyar. Tsokar damtse ce ke riƙe hannun, jijiyarta kuma ta gaban kafaɗa ta bi, wurin da kika ce. Tawa idan ta gaji sai ƙafa da ƙugu su daina tura ta, hannu ya ɗauki aikin duka. Yaran besbol ana ƙirga musu jifa, namu kuwa a gasar ƙarshen mako babu mai ƙirgawa. Ta daure har ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Kakar wasa ta wuce ta, kocin ko waya bai kira ba. Har yau abin na ci min rai.

Malam Habu: Allah ya ƙara sauƙi. Amma Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa 413 cikin kwana biyu a gasar sofbol ta Olamfik a Beijin a 2008, ta ci zinare.

Anti Rabi: Tana da shekara 26 lokacin, da likitoci a bayanta. Kai 'yarka ta taɓa jifa?

Malam Habu: Ba sai na haifi mai jifa zan yi magana ba, Hajiya.

Ummu Zara: Hoton MRI, mai nuna cikin jiki, da aka yi wa 'yata dala 450 na biya.

Anti Rabi: Ina? Mu sama da 2,000 aka caje mu, da inshorar ma.

Ummu Zara: Ba a asibiti na yi ba. Kuma likitan gashin ƙashi ya fara duba ta kafin hoto.

Ɗan Autan Gidan: Ku turo ta gida ta yi daka wata guda, kafaɗa za ta zama ƙarfe 😂

Maman Ilham: Allah ya shirye ka. To Asabar ɗin fa?

Baban Sadik: Kin riga kin biya otal? Mu masu gasar suka tilasta mana otal ɗin da suka zaɓa, in ba haka ba a cire ƙungiyar.

Ummu Zara: Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai. Ga kuɗin shiga fili, iyaye ma sai sun biya kafin su kalli 'ya'yansu.