Wa ke riƙe da gudun jirgi?

A teburin mai shayi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, muna jiran jirgin Yawunde, hira ta kai mu ga batun gudu. Ga abin da na tsinta.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgi, ya ce na'urar taƙaita gudu tana da amfani: in direba ya wuce ƙa'ida sai ta yi ƙara, in bai rage ba ta kama birki da kanta. Amma birkin da ya cinye ba ya jin maganar na'ura. Ya tuna mana hatsarin jirgin ƙasa da ya auku kusa da garin Eseka a Kamaru, 21 ga Oktoban 2016, inda mutum 79 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bincike ya nuna jirgin yana gudun kilomita 96 a inda aka ƙayyade 40, ga ƙarin taragai, ga birki mai matsala.

Shawararsa ga direba: ya gwada birki kafin tashi, ya rage gudu tun kafin gangara, kada ya jira ƙararrawa. In an yi masa lodin da ya wuce kima, ya ƙi tashi. Wannan dai, a ganina, faɗa ta fi yi sauƙi ga mai jiran albashi.

Mu fasinjoji kuwa, ya ce mu rage zagi in jirgi ya makara.