Naushi ko shuri: wanne ke fitar da mutum?

Muhawara kan ko naushi ko shuri ne ya fi fitar da mutum a rigimar titi ta haɗa tsofaffin 'yan dambe da masu koyar da taekwondo (wasan faɗa da ya fi dogara da shuri), kuma mafi yawansu sun karkata ga hannu.

Hujjarsu ita ce rigimar titi ƙirji da ƙirji ake yinta, babu filin ɗaga ƙafa. Wanda ya kai shuri sama ya tsaya kan ƙafa ɗaya ke nan. A sa masa doguwar riga da silifas, a ƙasa kuma ga yashi ko bakin kwata, ana kama ƙafar ya sha ƙasa. Shurin da ya ba Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar lambar azurfa ta taekwondo a gasar Olamfik ta Rio a 2016 kan shimfiɗa aka yi shi, gaban alƙalin wasa.

Sai dai naushin ma da nasa haɗarin. Ƙashin kai ya fi na hannu ƙarfi, kuma wanda ya fi saurin karyewa shi ne ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa. Shi ya sa ɗan dambe ke naɗe hannu kafin ya shiga fili. Shawarar masu goyon bayan hannu: a buga da gindin tafin hannu ko gwiwar hannu.

Masu shuri ba su tashi a tutar babu ba. An yarda da shurin matuƙar bai wuce gwiwa ba, a ƙwauri, don a samu sararin gudu. Ni ma nan na fi gamsuwa.

Da aka zo kan masu ƙwacen waya da wuƙa kuwa, babu wanda ya yi gardama: a miƙa wayar.