Wai da wane tef tauraron ɗan Adam yake auna tsayin hadari?

Baban Khalifa, Dadin Kowa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar ina gona hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, kamar zai zauna a kan dutsen Bima. Yarona ya duba wayarsa ya ce wai tsayinsa kilomita 14. Ni kuwa da idona na ga yana neman shafar dutse. Wayar ce ke shirme ko idona?

Malamar Jogarafi, Bauchi:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ku biyun duk kuna da gaskiya. Kai gindin hadarin ka gani, tauraron ɗan Adam ɗin da wayar ke samun bayani daga gare shi kuma saman hadarin yake hange. Meteosat, tauraron duba yanayi na Turawa, yana can sama kusan kilomita 36,000, kuma ba tsayi yake aunawa kai tsaye ba, sanyin ƙololuwar girgijen yake karantawa. Duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6.5. To in ƙasa tana 30, kan hadarin yana 60 ƙasa da sifili, tazarar 90 ke nan. Raba da 6.5, ka samu wajen 14.

A hadari mai kauri irin na Agusta lissafin yana kusa da daidai. Inda yake kwafsawa shi ne girgijen nan siriri mai kama da zaren auduga. Zafin ƙasa yana ratsa shi ya wuce, sai na'urar ta ɗauka ya fi ɗumi, ta sauko da shi ƙasa da inda yake, wani lokaci da kilomitoci.

Ɗan Lawanti:
Malama ta gama magana. Shi ya sa a filin jirgi ba a dogara da hoton sama wajen sauka. Direban jirgi gindin girgije ne damuwarsa, wannan kuwa daga ƙasa ake auna shi, da na'ura mai harba hasken leza sama ta ƙirga lokacin dawowarsa.

Malamar Jogarafi, Bauchi:
Haka ne. An ma taɓa ɗora irin lezar a tauraro, CALIPSO, daga 2006 zuwa 2023, da shi aka riƙa gwada awon sauran taurari. Sai dai siririn layi kawai ya riƙa bi, kamar kunya guda a gona.

Baban Khalifa, Dadin Kowa:
Allah ya saka da alheri Malama. Yaron dai ya ci wannan karon. Ruwan ma bai sauka a gonata ba, Deba ya nufa.